Hantsa Ba Ta Jiran Hadari Ya Wuce

 Ina gaida manoma, ina gaida makiyaya, ina kuma gaida iyayenmu mata da suka tashi tun asuba, suka ɗaure maraƙi a turke, suka durƙusa da ƙwarya gindin saniya. Yau tafiya za mu yi mai nisa, zuwa ƙasashen da ruwa ke daskarewa a cikin bututu, mu ga yadda mai gonar shanun madara yake kwana a daren da guguwar dusar ƙanƙara ta rufe masa gari. Yanayinsu daban ne da namu, amma saniya saniya ce, kuma duk wanda ya taɓa tatsa zai gane abin da nake shirin faɗa tun kafin in kai ƙarshensa.

Bari mu fara da ita kanta dusar. Sunan da muke kiranta da Hausa ya dace da ita ƙwarai. Ba irin ƙanƙarar nan ba ce mai faɗowa da ruwan damina kamar tsakuwa tana kakkarya gero. Ita wannan gari-gari take, fara fat, tana saukowa a hankali kamar an sheƙe dusa daga sama. In babu iska, sai ta kwanta a ƙasa shiru, yara su fita su yi wasa a cikinta. Matsalar tana zuwa ne idan iska ta shigo. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ba ta kiran abu guguwar dusar ƙanƙara sai iska ta kai gudun kilomita 56 a awa ɗaya, mutum ya kasa hangen abin da ya wuce mita 400, kuma hakan ya ɗauki awa 3 ko fiye. Ku tuna ranar da hazon hunturu ya fi kowace rana kauri, ranar da jirgin sama ya kasa sauka a Kano, sannan ku ɗauka cewa ƙurar nan ƙanƙara ce, tana dukan fuska kamar yashi, tana shiga hanci, kuma duk inda ta sami abin da ya tare ta sai ta taru ta yi tudu. Wani wuri ka ga ƙasa a share, taku goma gaba tudun ya fi tsawon mutum biyu.

To, abin da zai ba da yawanku mamaki shi ne, saniyar madara ba ta tsoron sanyi kamar yadda muke zato. Irin shanun nan masu roɗi-roɗin fari da baƙi, waɗanda ake kira Holstein ko Friesian, da wasunku suka gani a Vom kusa da Jos, zafi ne babban abokin gabarsu. Babbar saniya tana kai kilo 600 zuwa 700, tumbinta kuma yana ɗaukar abin da ya fi lita 100. A cikin tumbin nan ciyawar da ta ci tana ruɓewa tana narkewa, kuma wannan aikin yana fitar da zafi dare da rana, tamkar tana yawo da murhu a cikinta. Muddin cikinta a cike yake, gashinta a bushe, kuma iska ba ta dukanta kai tsaye, za ta kwanta tana tuƙa a sanyin da zai kashe mutum. Amma da zarar gashin ya jiƙe ya manne a fata, iska kuma ta samu shiga, murhun nan ba zai iya riƙe ta ba.

Makiyayanmu sun san ɗan'uwan wannan abu. Ƙarshen bazara, shanu sun rame, haƙarƙari a waje, sai ruwan farko ya sauko da iska da daddare. Gari na wayewa a tarar da wasu a kwance sun kasa tashi. Ruwan da aka yi wata da watanni ana roƙo, shi ne ya kayar da su, saboda jiki ya jiƙe kuma babu kitse, babu abinci a ciki. Ku riƙe wannan a zuciya, domin shi ne mabuɗin labarin da zan ba ku.

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 2015, kwana ɗaya bayan Kirsimeti, wata guguwa ta faɗa wa yammacin jihar Teksas da gabashin jihar Niyu Meksiko a Amurka. Masu labarin yanayi sun sa mata suna Goliath, wato Jaluta da muka sani a tarihin Annabi Dawuda, alaihis salam. Yankin nan fili ne shimfiɗaɗɗe, babu dutse, babu daji, busasshiyar ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama. Wannan bushewar ce ma ta jawo masu kiwon shanun madara suka tare a can, kewayen garuruwan Clovis da Muleshoe da Friona da Lubbock. Gona guda tana iya riƙe shanu dubu biyu, dubu uku, ko fiye. A Clovis akwai wata ƙatuwar masana'antar cuku da tankokin madara ke yi wa layi kullum. Kuma da yake damuwarsu a can zafin rana ne, ba su gina wa shanu ɗakuna ba. Fili ne aka kewaye da shingen ƙarfe, aka kafa rumfuna don inuwa, aka yi wani bango ko katanga ta gefen arewa don tare iskar hunturu. Shekara da shekaru tsarin yana aiki lafiya.

An yi gargaɗi kafin guguwar ta iso, kuma manoman ba su zauna ba. Sun ƙara shimfiɗa, sun jera dammunan ciyawa don tare iska, sun matso da shanu bayan katanga. Amma iskar ta kai gudun da ya kusa kilomita 130 a awa a wasu wurare, ta yi kusan kwana biyu ba ta tsaya ba, kuma tudun dusar ya haura mita 4 a inda ya sami matsaya. Ina ne matsayar? Bayan katangar nan da aka gina don kare shanu. Shanun suka fake a wurin da suka saba fakewa, dusar ta tsallako ta zubo a kansu, ta binne su a tsaye. Wasu kuma suka yi abin da saniya ke yi a ko'ina a duniya: suka juya wa iska baya suka riƙa tafiya gaba-gaba har shinge ya tare su a kusurwa. Na baya suna turowa, na gaba ba su da wurin zuwa. Wadda ta faɗi ba ta sake tashi. Wasu numfashinsu ne ya daskare a kan hanci har ya toshe.

Da gari ya lafa aka fara ƙirga. Ƙungiyar masu shanun madara ta Teksas ta ƙiyasta mutuwar manyan shanu kimanin 15,000 a nata ɓangaren, a Niyu Meksiko kuma aka ƙiyasta kimanin 20,000. Shanu dubu talatin da wani abu cikin kwana biyu. Jama'a, wanda ya taɓa rasa saniya ɗaya tal, wadda ya san uwarta, ya san kakarta, shi zai fahimci nauyin wannan lissafi. An sami manoman da suka yi makonni suna gano gawar shanunsu ɗaya bayan ɗaya yayin da tudun ke narkewa.

Ni dai a ganina, ba adalci ba ne a ce sakaci suka yi. Sun yi gini ne daidai da ƙasarsu kamar yadda suka san ta. Abin da ya kashe shanun shi ne abin da ba a saba gani ba. Kuma ya sake faruwa. A watan Fabrairu na 2019, a kwarin Yakima da ke jihar Washinton, kusa da garin Sunnyside, wani yankin ne mai bushewa inda shanu ke kwana a fili, guguwa ta kashe shanun madara kimanin 1,800, akasarinsu ta wannan hanyar ta cunkushewa a kusurwa da tattake juna. A can ma manoma sun fita cikin iskar suna ƙoƙarin kora shanu zuwa ɗakin tatsa, shanun suka ƙi juyowa su fuskanci iska.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan gonar shanun madara a lokacin guguwar dusar ƙanƙara. Yanzu bari mu haura arewa, jihohin Wiskonsin da Minesota da kuma ƙasar Kanada, inda dusar ba baƙuwa ba ce, kowace shekara sai ta zo ta yi watanni. A can shanu suna cikin dogayen ɗakuna masu rufi, saboda haka binnewa ba ita ce fargabar ba. Fargabarsu wata ce daban, kuma ita ce ta sa na ba shirin nan sunan da na ba shi.

Mai kanti yana iya rufe kantinsa ya jira hadari ya wuce. Makaranta tana iya tashi. Mai noman masara ya riga ya girbe, yana ɗaki yana jin ɗumi. Mai shanun madara ba shi da wannan damar. Saniyar da aka inganta irinta tana ba da lita 30 ko fiye a rana, ana tatsarta sau biyu ko sau uku, a kan lokaci ɗaya kullum. Idan lokacin ya wuce da awa biyu ko uku, hantsa ta cika ta yi tauri, saniyar ta fara kuka, madara na ɗiga daga kan nono. Idan aka kwana aka wuni, ƙofar ciwon hantsa ta buɗe, hantsar ta kumbura ta yi zafi, madarar ta fito da gudaji, wani lokaci da jini. A guguwar Teksas ɗin nan akwai shanun da suka yi kusan kwana biyu ba a tatse su ba, domin ma'aikata sun kasa isowa gonar, waɗanda ke ciki kuma sun kasa kai shanu wurin injin.

Wani zai ce, to a tatsa da hannu mana. Inna a ruga tana tatsar shanu biyar, shida, kowace ta ba da ɗan abin da ya samu, a gama kafin rana ta ɗaga. Amma ku lissafa shanu 200, kowace da lita 15 a hantsa, ga mutum uku, ga yatsu sun ƙage da sanyi. Kafin a gama rabi, lokacin tatsa ta biyu ya yi. Don haka rayuwar gonar gaba ɗaya tana rataye ne a kan wutar lantarki. Injin tatsa wuta yake so. Famfon da ke ɗago ruwa daga rijiya wuta yake so. Tankin da ke sanyaya madara zuwa digiri 4 wuta yake so. Kuma wayar wuta ce abu na farko da guguwa ke tsinkawa.

Mutanen Kanada sun koyi wannan da wuya a watan Janairu na 1998. Abin da ya same su ruwan sama ne mai daskarewa da zarar ya taɓa abu, ya yi kwana biyar yana sauka a kudancin lardin Kebek da gabashin Ontariyo da wasu jihohin Amurka na kusa. Ƙanƙara ta lulluɓe wayoyi har nauyinta ya durƙusar da manyan turakun ƙarfe kusan 1,000. Miliyoyin mutane suka shiga duhu, kuma ƙauyukan da ke kudu da birnin Montreal sun yi kusan wata guda babu wuta. Yankin kuwa cike yake da gonakin madara. Abin da ya ceci shanu da yawa shi ne maƙwabtaka. Janareto ɗaya ake ɗorawa a mota, a tatsa a wannan gonar, a kwance shi a kai gona ta gaba, haka dare da rana ana zagayawa. Duk da haka an zubar da miliyoyin litar madara.

Shi ya sa a yau da wuya ka sami gonar madara a arewacin can da ba ta da nata janareton. Wasu suna da irin wanda tarakta ke juyawa, a ja shi bakin ɗakin tatsa a haɗa. Amma mallakar janareto daban, tashinsa a daren da ake bukata daban. Man dizal yana yin kauri kamar kunu idan sanyi ya tsananta, ya toshe matatar mai, injin ya ƙi tashi. Saboda haka tun kaka manomi yake sayen man da aka haɗa don hunturu, yana tada janareton lokaci-lokaci ya ji muryarsa, yana jona tarakta da abin ɗumama inji da daddare. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a nan akwai gargaɗin da ya shafe mu kai tsaye, mu da muke kwana da janareto a gidajenmu: idan iska ta yi tsanani, zuciya takan raya wa mutum ya shigo da injin cikin ɗaki ko ya rufe ƙofa a kansa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba da ba ta da wari, ba ta da launi, mutum yana jin barci ne kawai. Ta kashe mutane a can, ta kashe iyalai a nan. Janareto wurinsa waje, nesa da taga.

Sai ruwa. Abin da ya fi kowane abu cin lokacin manomi a irin wannan dare shi ne ruwan sha. Madara kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ce, kuma saniya mai shayarwa tana shan fiye da lita 100 a rana. Dusar da ta cika ko'ina ba za ta maye mata gurbinsa ba. In kwamin ruwa ya daskare, saniya ta rage sha. In ta rage sha, ta rage ci. In ta rage ci, murhun nan na cikinta ya fara mutuwa. Kun ga yadda abu ɗaya ke jan ɗaya. Don haka ake binne bututu can ƙasa inda daskarewa ba ta kaiwa, ake sa abin ɗumama ruwa a kwami, kuma duk da haka sai ka ga mutum ƙarfe biyu na dare da guduma da butar ruwan zafi yana fasa ƙanƙara. Abinci kuma ana ƙara shi, ba a ragewa. Manomin da ya ji an ce guguwa na tafe yakan jawo abincin kwana biyu ko uku kusa da ɗakin shanu, don kada ya zama ciyawa na can nesa, hanya kuma ta toshe.

Akwai wani ƙaramin abu da nake so matanmu masu tatsa su ji, don na san zai taɓa su. Bayan an cire injin tatsa, al'ada ce a tsoma kan nonon saniya cikin ruwan magani don kashe ƙwayoyin cuta. A ranar sanyi mai tsanani, wannan ɗigon maganin da ya rage a kan nono yana iya zama sanadin asarar saniyar. Ta fita da jiƙaƙƙen nono, iska ta buga, fatar ta daskare. Bayan kwanaki wurin ya yi baƙi, ya tsage, wani lokaci kan nonon ya ruɓe ya faɗi. Saniyar tana raye, tana ci, amma ba ta sake tatsuwa yadda ya kamata. Shi ya sa masu tatsa ke tsayawa su bar maganin ya yi ɗan lokaci, sannan su goge kowane nono da tsumma mai tsabta har ya bushe kafin su buɗe ƙofa. Shanu ɗari biyu, nono huɗu-huɗu. Aiki ne na haƙuri, kuma a irin wannan wurin ake gane mai kiwon da ya san dabba. Karsanar da ta yi haihuwar fari, wadda hantsarta ke a kumbure, ita ta fi kowa shiga wannan haɗari.

Maraƙi kuwa lamarinsa ya fi na uwar wuya nesa ba kusa ba. Tumbinsa bai fara aiki ba, don haka ba shi da murhun nan, ga shi ba kitse. Da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, jaririn maraƙi ya fara ƙona abin da ke jikinsa don ya ji ɗumi. Kuma saniya ba ta ɗage haihuwa don ana guguwa. Maraƙin da aka haifa a jiƙe cikin irin wannan dare, in ba a goge shi an busar da shi nan take ba, kunnuwansa da jelarsa da ƙafafunsa ne za su fara daskarewa. Sai a goge shi da tawul, a ba shi dakashi da ɗumi tun cikin awannin farko, a sa masa 'yar riga da ake ɗinka wa maruƙa, a zuba masa tattakar alkama mai zurfi har in ya kwanta ba a ganin ƙafafunsa. Akwai iyalai da yawa a can da za su ba ka labarin maraƙin da ya kwana a ɗakin girki kusa da murhu, an lulluɓe shi da bargo. Wannan ba zai zama baƙon abu ga wanda ya taɓa shigo da ɗan akuya ɗaki a daren jaura ba.

Rufin da ke kare shanu shi ma yana iya juyewa ya zama abin tsoro. Sabuwar dusa busasshiya ba ta da nauyi sosai, amma in ta jiƙe ta danƙare, nauyinta yana ninkuwa sau huɗu ko biyar. Iska kuma ba ta raba ta daidai, sai ta tara ta a gefe guda na rufin. A watan Fabrairu na 2019 ɗin nan da na ambata, rufin ɗakunan dabbobi da dama ya rufta a kudancin Minesota, ya danne shanu. Manomi yakan saurari ƙarar katako, ya duba ko ƙofa ta fara cijewa, domin alama ce ginin yana lanƙwasa. Ga kuma wani abin da ke ruɗar sabon shiga: in ya ji sanyi sai ya toshe kowace kafa ta ɗakin. Numfashin ɗaruruwan shanu da tururin fitsari su taru, bango ya yi gumi, shimfiɗa ta jiƙe, sai ciwon huhu ya shiga maruƙa. Dole a bar iska tana fita ta sama, a hana ta dai bugun dabba kai tsaye. Kashin shanu kuma yana daskarewa a kan siminti ya zama santsi, kuma saniya mai kilo 650 in ƙafafunta na baya suka rabe ta faɗi, sau da yawa ƙarshenta ke nan. Ana watsa yashi a hanyarsu, ana kora su a hankali, ba tsawa, ba gaggawa.

To, a ce an yi nasara. Janareto ya tashi, ruwa bai daskare ba, an tatsa a kan lokaci, madara ta cika tanki fara sol, a sanyaye. Saura motar da za ta ɗauka. Tankar kamfani tana zuwa kullum ko bayan kwana biyu, tankin gonar kuma daidai wannan aka auna shi. Idan hanya ta toshe, direba bai iso ba, ga shanu sun sake cika, babu inda za a zuba sabuwar madara. Manomi da hannunsa zai buɗe famfon tankin, ya tsaya yana kallon dubban lita suna gangarawa ramin taki. A wurinmu da an kafa kindirmo, an kaɗa man shanu, an raba wa maƙwabta. A can yawan ya fi ƙarfin ƙwarya, doka kuma ta taƙaita sayar da ɗanyar madarar da ba a dafa ba, maƙwabcin ma ba shi da hanyar zuwa. Shi ya sa da iska ta ɗan lafa, aikin farko bayan tatsa shi ne a hau tarakta a share hanya tun daga bakin titi har ɗakin madara, da faɗin da babbar mota za ta iya juyawa.

Ban manta da mutum ba, shi na bari a ƙarshe don ya fi komai. A cikin guguwa irin wannan, sama da ƙasa suna zama abu ɗaya, fari. Mutum yana iya ɓacewa tsakanin ƙofar gidansa da ɗakin shanunsa, tazarar da ba ta fi taku hamsin ba. A ranar 12 ga Janairu 1888, wata guguwa ta auka wa filayen tsakiyar Amurka da rana tsaka, bayan an tashi da ɗumi, ta kashe mutum kimanin 235, da yawansu yara ne a hanyar dawowa daga makaranta. An tsinci gawar wasu manoma 'yan taku kaɗan daga ƙofarsu. Mutanen zamanin suna ɗaura igiya daga gida zuwa ɗakin dabbobi, su riƙa bin ta da hannu. Yau akwai wayar hannu da fitila mai ƙarfi, amma ƙa'idar ba ta canja ba: ba a fita ba tare da an gaya wa wani ba, ba a fita mutum ɗaya in akwai hali, kuma a sa tufafi hawa-hawa, a canja wanda ya jiƙe da gumi. Manyan gonaki kan tanadi katifa da abinci don ma'aikata su kwana a gonar tun kafin hanya ta rufe, domin wanda ya tafi gida ba lallai ya iya dawowa ba. Da yawa daga cikin ma'aikatan nan baƙi ne 'yan ci-rani daga Meksiko da ƙasashen kudu da ita, wasunsu ba su taɓa ganin dusa ba sai da suka zo, kuma a guguwar Teksas ɗin nan su ne suka yi awanni da yawa a tsaye suna tono shanun da ba nasu ba. Duk lokacin da aka ba da labarin nan ya kamata a ambace su.

Bayan rana ta fito, asarar ba ta tsaya ba. Gwamnatin Amurka tana da tsarin biyan diyyar dabbobin da bala'in yanayi ya kashe, kashi 75 cikin ɗari na kuɗinsu a kasuwa, amma sai mai shi ya kawo shaida, ya ƙirga, ya ɗauki hoto, a daidai lokacin da yake neman inda zai binne su a ƙasar da ta daskare. Waɗanda suka tsira kuma ba duka ne suka koma daidai ba. Saniyar da ta yi kwana biyu ba a tatse ta ba, jikinta yakan ɗauka cewa an yaye, sai ta rage nono, kuma sau da yawa ba ya dawowa yadda yake sai ta sake haihuwa. Masu ciwon hantsa ana yi musu magani, madararsu kuma zubarwa ake yi har maganin ya fita daga jikinsu. Masu daskararren nono sai bayan mako biyu ko uku ake gane wadda za ta warke da wadda za a kai mahauta. Wadda ta mutu kuwa, 'yar maraƙar da za ta maye gurbinta sai ta yi kusan shekara biyu ana ciyar da ita kafin ta haihu ta ba da ɗigon madara na farko.

A nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Makiyayan da ke sauraronmu, muna so mu ji daga gare ku yadda kuke yi da maruƙa da ramammun shanu a daren ruwan farko da kuma tsakiyar hunturu, za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka.